Haƙarƙarin Kwikwiyo da Tukunyar Gida: Tarihin Ciyar da Kare a Ƙasar Bagudo

Maƙalar wannan mako ta ɗauko wata tambaya da ake yi kullum a ƙauyukanmu, amma ba kasafai take shiga rubutu ba. Mutum ya karɓo kwikwiyo ɗan wata uku ko huɗu, yana ba shi abinci safe da yamma, sai dai haƙarƙarinsa na nan a waje ana ƙirgawa. Me za a ba shi ya murmure? Amsar da aka saba ji a bakin kasuwa ita ce a ƙara masa tuwo. Mu kuwa mun ga tambayar tana da tarihi mai tsawo, kuma wanda ya san tarihin zai fi iya amsa ta. Za mu bi ta a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ya ratsa, ƙasar kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, domin a nan ne manomi da makiyayi da masunci suka daɗe suna maƙwabtaka, kowa da karensa, kowa da irin abin da yake zuba masa.

Kare da hatsi

Asalin kare kyarkeci ne, kuma daga wajen Afirka ya shigo wannan nahiya tare da mutane. Ƙasusuwan kare mafi daɗewa da aka tono a Afirka an same su ne a Masar, shekarunsu sun kusa 6,000. Daga kwarin Nilu ya bi makiyaya zuwa yamma da kudu, har ya iso ƙasashenmu. A tsawon wannan zama da ɗan Adam, cikinsa ma ya sauya. A shekarar 2013 masu bincike na Jami'ar Uppsala da ke Suwidin suka buga wani nazari a mujallar Nature, inda suka kwatanta ƙwayoyin halittar kare da na kyarkeci. Sun gano cewa ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, guda 2 ce a jikin kyarkeci, amma a jikin karnuka tana kamawa daga 4 har zuwa 30. Ma'ana, kare dabba ce da ta saba da hatsi tun da daɗewa. Uwar gidan da ke kankare masa ƙanzo daga gindin tukunya ba ta yi wa cikinsa laifi ba, yana iya narkar da shi sarai.

Sai dai iya narkar da abu daban, abu ya wadatar daban. Babban kare da ya gama girma yana iya rayuwa da tuwo da ɗan abin da ya tsinta. Kwikwiyo kuwa gini yake yi, ƙashi da tsoka da jini duk a lokaci guda. A watanninsa na farko, ƙarfin abincin da yake buƙata a kan kowane kilo na nauyinsa ya kai ninki biyu na abin da babban kare ke buƙata. Ma'aunin da masu haɗa abincin karnuka ke bi a Amurka ya ce abincin kwikwiyo, in an cire ruwan da ke ciki, kada furotin ya gaza kashi 22.5 cikin 100, mai kuma kada ya gaza kashi 8.5. Gero yana da furotin kusan kashi 11, farar shinkafa kusan kashi 7. Tun daga nan za mu ga cewa gayan tuwo, ko kwano nawa aka ba shi, ba zai kai abin da ake nema ba. To ina sauran yake fitowa a da?

Rumbu da ruga da kogi

Kafin a san wani abu wai Nijeriya ko Benin, Illo na ɗaya daga cikin manyan masarautun Bargu, tare da Busa da Nikki. Nan fatake ke ƙetare Kwara a kan hanyarsu daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro. A kewayenta akwai Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Hausawa manoma, ga Sarkawa a bakin ruwa, ga Fulani da shanunsu a wajajen Ka'oje. Ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniya a Faris suka raba Bargu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, aka kuma ce layin ya taɓa kogi mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Wannan layin ne a yau ya bar Lolo da Tsamiya a gefenmu, Segbana da Malanbil a wancan gefen. Amma takarda ba ta raba tukunya ba. Abin da ake ci a nan shi ake ci a can, kuma abin da kare ke samu a nan shi yake samu a can.

A gidan manomi, rabon kare ƙanzo ne da ragowar tuwo da dusa da tsakin da ya rage bayan surfe da niƙa. Dusar gero ba abin rainawa ba ce, domin a cikinta ne mafi yawan mai da bitamin na ƙwayar hatsin suke. In mai gida mafarauci ne, rani na kawo ƙari, tunda kare na da kasonsa daga abin da ya kamo, kayan ciki da kai da ƙafafu. A ruga kuwa, kare na samun tsala, wato nonon da aka kaɗe aka cire mansa, a dama masa da gari ko dusa. A bakin kogi, wurin da Sarkawa ke gyaran kifi da banda, kawuna da ƙananan kifayen da ba su isa kasuwa ba suna zuba ƙasa. Idan muka dubi waɗannan gidaje uku da idon likitan dabbobi na yau, za mu ga kowanne yana da hatsi a ƙasa, da wani abu daga jikin dabba a kai: nama, ko nono, ko kifi. Wannan ƙarin shi ke cike giɓin da tuwo ya bari. Magabatanmu ba su san kalmar furotin ba, amma tsarin rayuwarsu ya sa shi a kwanon kare.

Ramar halitta

Kafin mu ce kwikwiyo ya rame, akwai wani abu da tarihi ke tunatar da mu. Karnukan yankin Sahel ba masu ƙiba ba ne tun asali. Arewa da mu, a kwarin Azawak da ke tsakanin Mali da Nijar, Buzaye da maƙwabtansu sun daɗe suna kiwon wani dogon kare siriri mai tsananin gudu, wanda ke tsaron zango yana kuma kamo zomo da barewa. Wannan kwari shi ne ya gangaro kudu ya zama Dallol Bosso, ya faɗa Kwara sama da Gaya, ke nan ba nisa da mu. A shekarun 1970 aka fara kai irin wannan kare Turai, aka sa masa sunan kwarin. Ma'aunin da ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya ta gindaya ya ce namijinsa na da tsayin santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 kacal. A jikin irinsa, ganin haƙarƙari alama ce ta lafiya. Abincinsa a zango kuma bai wuce gero da nono ba, sai ɗan abin da ya kamo.

Karnukanmu na farauta da na ruga da yawa suna da wannan ƙira: doguwar ƙafa, zurfin ƙirji, shafaffen ciki. Wanda ya ga hoton karnukan Turai a waya ya ce sai nasa ya zama haka, zai ɓata hatsi ya kuma ɓata kare. Likitocin dabbobi suna da ma'auni mai mataki 9 da aka fitar a 1997, inda 1 ke nufin fata da ƙashi, 9 ke nufin teɓa, 4 zuwa 5 kuma shi ne daidai. Ba sai an je asibiti za a gwada ba. A shafa gefen kwikwiyo da tafin hannu. In ana jin haƙarƙari a ƙarƙashin ɗan nama, in kuma an dube shi daga sama ana ganin ƙugu ya ɗan shiga, lafiya lau yake. Amma in ƙashin baya ya fito kamar carbi, ƙasusuwan ƙugu sun yi tsini, cinya ta zube, gashi ya yi furu-furu, to wannan rama ce ta gaske, kuma dalilinta ɗayan biyu ne: yunwa ko cuta.

Shekarun da kwano ya bushe

Tunda kare na cin ragowar gida ne, shi ke fara sanin gida ya shiga wani hali. A farkon shekarun 1890 annobar bushiya, wadda Fulani suka sa wa suna Sannu, ta ratsa ƙasashen nan ta kashe mafi yawan shanu. Rugar da ba saniya ba tsala. A 1913 zuwa 1914 aka yi yunwar Kakalaba. Aka sake yin fari mai tsanani a 1973, sannan a 1984. A irin waɗannan shekaru mutane da kansu ke cin dusa, su jiƙa ƙanzo su sha, ba abin da ke saura. Ko a shekarar da ba fari, kowane ɗan ƙauye ya san yadda karnuka ke zubewa a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, su kuma murmure da kaka.

A zamaninmu kwanon ya sake bushewa, amma ta wata hanya. Dusa ta zama haja, masu kiwon raguna da kaji na saye da kwano da buhu. Nono na tafiya kasuwa har da tsalarsa. Ƙananan kifaye da kawuna ana busarwa a sayar. Daji ya ja baya, namun da ake farauta sun yi ƙaranci, kuma manyan dazuzzukan da suka rage an killace su, kamar gandun W da ke ƙetaren iyaka wanda aka mayar wurin adana namun daji tun 1954. Noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a Kebbi, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, kuma shinkafar da inji ya goge fes ta rasa ɓawon da ke ɗauke da mai da bitamin. Sai ya zama kwikwiyon yau na iya cika ciki da farin tuwo sau biyu a rana, amma ƙarin nan na nono da kifi da nama da kakanninsa suka samu ya ɓace. Ciki a cike, jiki a rame.

Turawa sun gamu da irin wannan giɓi tun kafin mu, lokacin da suka koma birane, sai suka mayar da shi kasuwanci. Wajajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Landan, haɗin alkama da kayan lambu da nama. A 1922 aka fara sayar da naman doki na gwangwani don karnuka a Amurka, a shekarun 1950 kuma kamfanin Purina ya fito da busasshen abincin nan mai ƙwaya-ƙwaya. Ana samun irinsa a manyan biranenmu, kuma wanda aka haɗa don kwikwiyo yana aiki. Amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai kare a Illo ko Zagga. In muka duba abin da ke cikin buhun, hatsi ne da wani abu daga jikin dabba da mai da sinadarin ƙashi. Wato tsohon haɗin rumbu da ruga da kogi ne aka auna aka ƙulla a leda.

Abokan cin da ba a gani

Akwai abin da magabata ba su da maganinsa, mu kuwa muna da shi. Mafi yawan kwiyakwiyai ana haihuwarsu da tsutsar ciki, domin tana ratsawa daga uwa tun suna ciki, wata kuma ta hanyar nono. Akwai mai cinye abincin da ke hanji, akwai mai maƙalewa tana shan jini. Alamarsu sananniya ce: tumbi ya kumbura, haƙarƙari a waje, dasashi ya yi fari. Irin wannan kwikwiyo, ko kilishi ake ba shi, tsutsa ake kiwo. Ka'idar likitoci ita ce a ba shi maganin tsutsa yana ɗan mako 2, a maimaita a mako na 4 da na 6 da na 8, sannan sau ɗaya a wata har ya cika wata 6. Ana auna maganin ne da nauyin jiki, don haka ɗibar allurar shanu a tsira wa kwikwiyo da ka ganganci ne. Kaska ma na sa masa zazzaɓin da ke cinye jini, a wuraren da ke da tsando kuma sammore na kama kare kamar yadda yake kama saniya. Tun 1978 wata sabuwar cuta mai suna farbo ta bazu a duniya, tana sa kwikwiyo amai da zawon jini, kuma riga-kafi ne kawai katangarta.

Dalilin da ya sa wannan ilimi ya daɗe bai iso ga mai kare ba yana cikin tarihin aikin dabbobi a Arewa. An kafa ɗakin binciken Vom a 1924 ne musamman don yaƙi da bushiya, domin saniya ce ake karɓar jangali a kanta. Ba a biyan jangalin kare. Bai shiga lissafin hukuma sosai ba sai ta ƙofar haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare. A yanki irin namu, inda karnuka ke bin garke su ƙetara iyaka su dawo, allurar haukan kare daga wata 3 wajibi ce. Wannan zuwa wurin ma'aikacin dabbobi kuwa dama ce ta a auna kwikwiyo a ba shi maganin tsutsa gaba ɗaya.

Mutanen bakin kogi suna da nasu darasi na musamman. Nijeriya ta yi fama da kurkunu shekara da shekaru, har aka tabbatar ta rabu da shi a watan Disamba na 2013. Amma a Chadi, tun 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnukan masunta na Kogin Shari, har a 2019 aka ƙirga kusan 2,000. Masu bincike sun ɗora zargi a kan ɗanyen kayan cikin kifi da ake jefa musu, shi ya sa ake koya wa masunta a can su riƙa binnewa. Ban da haka, ɗanyen kifin ruwa iri-iri na ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jiki, wuta kuma na kashe shi. Haka ɗanyar hanta ko huhun dabba mai ƙulli-ƙullin ruwa, yana sa wa kare wata tsutsa da ke komawa ga yaran gida. Abin da tsohon zamani ya jefa ɗanye, mu sai mu dafa.

Yadda za a cika kwanon

To ga abin da wannan tarihi ya tara mana. Da farko a fitar da tsutsa, a cire kaska. Na biyu, a mayar da ƙarin da ya ɓace. Kusan rabin kwano ya zama dafaffen hatsi mai laushi, kuma gero ko dawa da ba a cire dusarsu duka ba sun fi farar shinkafa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya zama daga jikin dabba: dafaffen kifi da aka cire manyan ƙayoyi, dafaffen ƙwai, tumbi da huhu daga mahauta, hanta kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako. Sauran a cike da dafaffiyar kabewa ko wake da ya nuna luguf. A zuba ɗan ƙaramin cokali na man gyaɗa, domin mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu. Kindirmo da tsala sun fi ɗanyar madara, saboda tsamin ya rage sukarin da ke sa kwikwiyo zawo. Ƙashi kuma na buƙatar kalsiyam, wanda hatsi da tsokar nama ba su da shi sosai. Ƙananan busassun kifaye da aka daka da ƙashinsu suna bayarwa, haka ɓawon ƙwai da aka dafa aka niƙa lilis, ɗan barbaɗe kawai, don yawansa ma na lalata gaɓoɓi.

Na uku, a rarraba. Cikin kwikwiyo ƙarami ne, gara sau 4 a rana kafin ya kai wata 4, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. In a cikin 'yan uwansa yake, a ware masa kwanonsa, domin sau da yawa ramammen shi ne wanda ake turewa. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Wanda aka tsinto ya daɗe da yunwa kuwa, a nan ake kuskuren da ke kisa. Jikin da ya daɗe bai ci ba, in aka cika shi lokaci guda, sinadaran jini na rikicewa har zuciya ta tsaya, kamar yadda ma'aikatan jinya suka sani game da yara masu tamowa. A fara da kwata ko sulusin abin da ya kamata ya ci, a kasa shi kashi 5 ko 6 a yini, a riƙa ƙarawa a hankali har mako guda ko kwana 10.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kwanon. Albasa da tafarnuwa na fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ko dafaffu, kuma miyarmu ba ta rasa su, don haka a ɗebi rabonsa kafin a haɗa miya da gishiri da yaji. Dafaffen ƙashin kaza na tsagewa ya huda hanji. Goro da cakulan guba ne gare shi. Hatsi ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna na ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma kare na cikin dabbobin da ta fi yi wa illa, saboda haka abin da ya lalace a rumbu kada a ce a ba kare. Maganin ciwon jiki na mutane ma ba nasa ba ne. A ƙarshe, a riƙa auna shi duk mako a sikelin masu hatsi ko masu kifi. Kwikwiyo mai lafiya nauyinsa na hawa kowane mako. In mako biyu suka wuce bai motsa ba alhali yana ci, ko ya daina ci, ko zawo ya ƙi tsayawa, magana ta wuce ta abinci, sai likita.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da halaccin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma kowa ya ji hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗauko kwikwiyo ya raba shi da uwarsa, ya ɗauki nauyin cikinsa ke nan. A da, ragowar gida ce ke sauke wannan nauyi ba tare da mai gida ya yi tunani ba, domin dusa da tsala da kan kifi ba su da kasuwa. Yanzu duk sun yi kuɗi, don haka sai da niyya da ɗan lissafi. Masu magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da za a so ya raka garke zuwa mashaya ko ya kwana a bakin rumbu baɗi, a watanninsa shida na farko ake gina shi. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da muke kiwo.